Kyaftin Jak Kusto: Mutumin da Ya Mai da Jirgin Ruwa Gida

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, mu da muka tashi a Kurmin Kogi, iyakar kurmen da muka sani shi ne na rafi da damina. To, ga tarihin wani Bafaranshe da ya mai da kurme sana'a, har duniya ta san shi.

An haifi Jak Kusto, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Jacques Cousteau, ran 11 ga Yuni, 1910. Yana yaro ba ya jin magana, har aka kore shi daga makaranta saboda fasa gilasan tagogi. Aka kai shi wata makarantar kwana mai tsanani, a can ya shiryu. A 1930 ya shiga kwalejin sojan ruwa, burinsa ya tuƙa jirgin sama. Sai haɗarin mota ya karya masa hannuwa biyu, burin ya rushe. Don hannuwan su yi ƙarfi ya riƙa iyo a teku, har wani abokinsa ya ara masa gilashin kurme. Abin da ya gani ƙarƙashin ruwa ya sauya rayuwarsa.

A lokacin, mai nutso sai ya sa kwalkwali mai nauyi, ana hura masa iska ta mesa daga jirgi, kamar akuya a turke. A 1943 Kusto da injiniya Emil Ganyan suka ƙera na'urar Aqua-Lung: tulun iska a baya, da wani ƙarfe mai sako iska duk sa'ad da mutum ya ja numfashi, daidai da matsin ruwan da yake ciki. Da haka mai kurme ya tsinke igiya.

A 1950 ya sami Kalifso, tsohon jirgin share nakiyoyin ruwa, wanda wani attajiri ɗan Ingila ya saya ya ba shi haya a kan faran ɗaya a shekara. Nan ya zama gida. Shi da matarsa Simon da ma'aikata sukan yi watanni a teku, a jirgi ake ci, a nan ake kwana, gari na wayewa a faɗa ruwa. Babbar tafiyarsu ta farko, a 1951, Bahar Maliya suka nufa, tekun da alhazanmu na da suke hayewa daga Sudan zuwa Jidda. A 1963, daura da gaɓar Sudan ɗin, ya kafa ɗakuna a zurfin mita 10, mutanensa suka yi wata guda a ciki.

Fim ɗinsa na 1956 ya ci babbar kyauta a bikin Kan na Faransa, amma da tabo: a cikinsa an ga suna fasa murjani da nakiya, suna kashe kifaye. Daga baya Kusto ya juya ya zama mai kare teku. A 1960 ya tsaya tsayin daka kan shirin zuba sharar nukiliya a Bahar Rum, aka fasa.

Bai tsira daga jarrabawa ba. Ɗansa Filif ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1979, Simon ta bi shi a 1990, Kalifso kuma ya nutse a tashar Singafo a 1996, aka tsamo shi. Kusto ya mutu a Faris ran 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Malamanmu, ba ƙaramin haƙuri kuka yi da mu ba. Idan aka kawo muku yaro mai fasa taga, ku tuna da Kusto kafin a sa hannu a takardar kora.