Arthur Ashe: Baƙar fatar da ya ci wa Amurka Kofin Davis yana ɗan wasa, ya sake ci yana kyaftin

A ƙarshen watan Nuwamban 1982, a birnin Grenoble na ƙasar Faransa, aka buga wasan ƙarshe na Kofin Davis, gasar tanis ta maza da ake yi ƙasa da ƙasa. Amurka ce ta zo baƙunta. Kyaftin ɗinta, Arthur Ashe, yana zaune a kujera a gefen fili, kusa da alƙalin wasa. Wanda Faransa ta jingina da shi kuwa shi ne Yannick Noah, saurayi ɗan shekara 22, wanda Ashe da kansa ya tsinto a Yawunde ta ƙasar Kamaru shekara 11 kafin wannan rana. Aikin da ke gaban Ashe shi ne ya ga an kayar da yaron da ya buɗe wa hanya.

An haifi Arthur Robert Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond, babban birnin jihar Virginia, garin da ya taɓa zama hedikwatar jihohin kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙaƙen fata. A lokacin ƙuruciyarsa doka ce ta raba farare da baƙaƙe a makaranta, a mota da filin wasa. Mahaifiyarsa, Mattie, ta rasu a 1950 yana da shekara shida. Mahaifinsa mai gadi ne kuma mai kula da Brook Field, filin shaƙatawar da aka keɓe wa baƙaƙe, gidansu ma a cikin filin yake, ga filayen tanis a ƙofar gida. Uban mutum ne mai tsanani. Sai da ya taka da ƙafarsa daga makaranta zuwa gida ya auna mintocin tafiyar, don kada yaron ya tsaya a hanya.

Wani ɗalibi mai suna Ron Charity ne ya fara koya masa riƙon raket, wato abin dukan ƙwallon, daga baya ya miƙa shi ga Dokta Robert Walter Johnson, wani likita baƙar fata a garin Lynchburg da ke tara yara a gidansa lokacin hutu yana horar da su. Johnson ya san cewa masu shirya gasar farare na neman dalili ko yaya ƙanƙantarsa don su kori yaransa. Saboda haka ya kafa musu doka: ba gardama da alƙali, ba ɗaga murya, duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi a bar wa abokin karawa ko da ta fita. Wannan tarbiyya ita ce ta zama halin Ashe har ƙarshen rayuwarsa. Masu yabonsa suna kiranta dattako, masu sukarsa a cikin 'yan gwagwarmayar baƙaƙe kuwa suna ganin sanyi ne ya yi masa yawa.

Da yake an hana shi karawa da farare a filayen garinsu, sai ya koma St. Louis ya ƙarasa sakandare, daga nan ya sami gurbin karatu a Jami'ar California da ke Los Angeles. A 1963, yana ɗan shekara 20, aka kira shi tawagar Amurka ta Kofin Davis. Shi ne baƙar fata na farko da aka taɓa kira tun da aka kafa gasar a 1900.

Ga wanda bai saba da ita ba, tsarin gasar a wancan zamani shi ne ƙasa biyu su kara wasa biyar cikin kwana uku: wasan ɗaiɗai guda biyu ranar farko, wasan 'yan bibbiyu rana ta biyu, sai a musanya abokan karawa a sake ɗaiɗai biyu rana ta uku. Ƙasar da ta fara cin uku ita ta wuce. Alƙali ba ya kiran sunan ɗan wasa idan ya ci, sunan ƙasarsa yake kira. Ke nan duk lokacin da Ashe ya ci, Amurka ake ambata, ƙasar da a wasu garuruwanta a wannan shekara ba zai iya zama ya ci abinci a kanti ɗaya da abokan tawagarsa ba. Duk da haka babu wata gasa da ya ɗauka da girma kamar wannan.

Bai fara da daɗi ba. A 1967 ƙasar Ekwado, wadda ba wanda ya sa a lissafi, ta fitar da Amurka a Guayaquil, Ashe ya faɗi duka wasanninsa biyu. Shekarar da ta biyo ita ce ta sauya komai. Yana laftanar a sojan Amurka a lokacin. Ƙanensa Johnnie ya nemi a sake tura shi yaƙin Biyetnam karo na biyu don kada a tura yayan. A Satumban 1968 Ashe ya doke Tom Okker na ƙasar Holan ya lashe gasar US Open ta farko da aka bar ƙwararru masu karɓar kuɗi su shiga. Kyautar zakara dala 14,000 ce, amma Okker da aka kayar shi ya tafi da ita, domin Ashe yana cikin rukunin waɗanda ba sa karɓar lada, matsayin da aikin soja da zamansa a tawagar ƙasa suka ɗora masa. Dala 20 ta guzuri a kullum ita ce rabonsa. A watan Disamba tawagar ta je Adelaide ta ƙwace kofin daga hannun Ostareliya da ci 4 da 1, ta kuma riƙe shi a 1969 a kan Romaniya da 1970 a kan Jamus ta Yamma, Ashe yana ciki duka.

A daidai wannan lokaci ne ya shiga takun-saƙa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ya nemi biza don ya buga gasar Johannesburg, aka hana shi. Ya ɗauki maganar zuwa ga hukumomin tanis da majalisar dokokin Amurka, kuma a watan Maris na 1970 aka dakatar da Afirka ta Kudu daga Kofin Davis. Dakatarwar ba ta daɗe ba. An mayar da ita, har ma ta ci kofin a 1974 ba tare da ta buga wasan ƙarshe ba, saboda Indiya ta ƙi karawa da ita. A 1973 aka ba Ashe bizar, ya je bisa sharaɗin ba za a raba 'yan kallo ta launi ba. Ya kai wasan ƙarshe Jimmy Connors ya doke shi. Wasu matasan baƙaƙe a can sun gaya masa a fuska cewa zuwansa wanke gwamnati ne kawai, kuma da shekaru suka ja shi ma ya koma sahun masu kiran a ƙaurace wa ƙasar baki ɗaya.

Alaƙarsa da Afirka ba ta tsaya a kudu ba. A 1970 ya zagaya ƙasashe shida tare da Stan Smith, har da Najeriya da Ghana, suna koya wa yara wasa. A rangadin 1971 ne ya ga Noah a Yawunde, yaro ɗan shekara 11, ɗan wani tsohon ɗan ƙwallon ƙafa na Kamaru. Ya buga da shi, ya ba shi raket, ya kuma yi wa Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa magana, aka ɗauki yaron zuwa makarantar horo a Nice.

Connors da Ashe sun sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Wimbledon a 1975, kuma akwai jiƙaƙƙiya a tsakani. Ashe ya soki Connors kan ƙin buga wa ƙasa Kofin Davis, Connors ya kai shi kotu yana neman diyyar ɓata suna. Ranar wasan Ashe ya shigo fili sanye da rigar tawagar Kofin Davis mai sunan ƙasar a ƙirji, kowa kuma ya gane inda saƙon ya dosa. Connors ya fi shi ƙuruciya da kusan shekara goma, ya fi shi ƙarfin duka. Ashe ya ƙi ba shi ƙwallo mai ƙarfi, ya dinga aika masa masu laushi ƙasa-ƙasa, ya ci shi turmi uku cikin huɗu: 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Har yau shi kaɗai ne baƙar fata namiji da ya ci Wimbledon. Ba a jima ba aka janye ƙarar.

A matsayinsa na zakaran Wimbledon ya zo Legas a Fabrairun 1976 don wata gasar ƙwararru. Ranar Juma'a 13 ga wata aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Aka dakatar da gasar, aka rufe kan iyaka. Da aka koma fili ranar Litinin, Ashe yana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak sai ga sojoji sun kutso, ransu a ɓace ganin ana wasa ƙasa na makoki. Da bakin bindiga a bayansa, hannuwa a sama, aka fitar da shi daga filin. Sai a Caracas ta Benezuwela aka ƙarasa gasar.

Ciwon zuciya ya buge shi a Yulin 1979, aka yi masa tiyata a Disamba, ya ajiye raket a 1980. A shekarar ce aka naɗa shi kyaftin, aikin da ya haɗa shi da John McEnroe, gwanin da ba shi da na biyu a lokacin, wanda kuma bakinsa ba shi da linzami. Almajirin Dokta Johnson ya wayi gari yana zaune a gefen fili, ɗan wasansa na zazzaga wa alƙali rashin mutunci da sunan Amurka. A wasan ƙarshe na 1981 da Ajantina a Cincinnati, McEnroe da Peter Fleming suka kusa ba hammata iska da Guillermo Vilas da José Luis Clerc, har Ashe ya yi barazanar janye su daga wasan. Sun ci kofin, amma shi da McEnroe da ƙyar suke gaisawa. Abin da ya riƙe su tare abu ɗaya ne: McEnroe, saɓanin Connors, ba a kiransa wa ƙasa ya ƙi zuwa.

Kakar 1982 ita ce ƙololuwar aikin. Amurka ta fara da doke Indiya, sannan ta karɓi Suwidin a St. Louis, garin da Ashe ya yi gudun hijirar karatu. Ana biyu da biyu McEnroe ya shiga da Mats Wilander, ɗan shekara 17 da bai daɗe da cin gasar Faransa ba. A lokacin ba a yanke turmi da bugun raba gardama a Kofin Davis, sai wani ya ba da tazarar biyu. Suka shafe awa shida da minti 22, McEnroe ya ci 9-7, 6-2, 15-17, 3-6, 8-6, ya faɗa jikin kyaftin ɗinsa. Daga nan suka je Perth suka share Ostareliya 5 da nema.

Faransa, da yake ita ce mai masauki, ta zuba jar ƙasa a cikin rufaffen zauren Grenoble don ta rage wa McEnroe sauri. Dabarar ta kusa ci. McEnroe ya ɗauki turmin farko da Noah 12-10, Noah ya ƙwace biyu a jere, 6-1 da 6-3, zauren ya ɗauki sowa. Bayan hutu McEnroe ya dawo ya cinye sauran biyun 6-2 da 6-3. Gene Mayer ya doke Henri Leconte, washegari McEnroe da Fleming suka gama da Noah da Leconte, aka tashi 4 da 1. Wata shida bayan haka Noah ya ci gasar Faransa, a 1991 kuma, yana kyaftin, ya rama wa ƙasarsa a kan Amurka a Lyon.

Daga nan tauraron kyaftin ya fara dusashewa. A 1984 aka shawo kan Connors ya shigo tawagar, aka je Gothenburg da manyan 'yan wasan duniya biyu, Suwidin ta lallasa su 4 da 1, rashin ɗa'ar da suka nuna kuma ta fi kayen zafi. Aka ɗora wa Ashe laifin kasa tsawata musu, laifin da akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, domin mutumin da ya saba danne fushinsa bai iya tanƙwara na wasu ba. A Janairun 1985 'yan sanda suka kama shi a zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington. Da Jamus ta Yamma ta Boris Becker ta fitar da Amurka a Hamburg a wannan shekara, aka sauke shi. Shi kansa ya yi imani kamun na cikin dalilan.

A tiyatar zuciya ta biyu da aka yi masa a 1983 an yi masa ƙarin jini, tun kafin a fara tantance jini don gano ƙwayar HIV. Sai a 1988 aka gano yana ɗauke da ita. A shekarar ce ya fitar da littafinsa mai juzu'i uku kan tarihin baƙaƙen 'yan wasan Amurka. Shi da matarsa Jeanne sun ɓoye ciwon saboda 'yarsu ƙarama, har zuwa Afrilun 1992 da jaridar USA Today ta sami labarin ta tuntuɓe shi; ya riga ta, ya kira taron manema labarai ranar 8 ga wata ya faɗa da bakinsa. Watannin da suka rage masa ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma sake kama shi a ƙofar fadar White House yana zanga-zangar kare 'yan gudun hijirar Haiti.

Ya rasu a New York ranar 6 ga Fabrairun 1993 yana da shekara 49. An ajiye gawarsa a gidan gwamnan Virginia mutane suka yi ta zuwa ban-kwana, aka binne shi a Richmond kusa da mahaifiyarsa. A 1997 aka sa wa babban filin gasar US Open sunansa. Shekara guda kafin nan, bayan doguwar taƙaddama, an kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue na Richmond, layi ɗaya da na jagororin jihohin kudu da suka yi yaƙin kare bauta. Tsakanin 2020 da 2021 aka sauke nasu duka, aka bar nasa.