Sarki Njoya da Taswirarsa Mai Launi

Ibrahim Njoya shi ne sarki na 17 na ƙasar Bamun. Fadarsa tana Fumban, a yammacin Kamaru. Yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa, Sarki Nsangu, a wurin yaƙi. Mahaifiyarsa Njapndunke ta riƙe masa sarauta har ya girma.

Njoya mutum ne mai son ilmi da zane. Ya ƙago wa mutanensa rubutu nasu na kansu, ya buɗe makarantu don a koya wa yara.

A shekarar 1912 ya ɗauri aniyar zana taswirar ƙasarsa. A lokacin Jamusawa ne ke mulkin Kamaru. Sarki ya fita da jama'arsa, suka zaga ƙasar gari gari, suna rubuta sunan kowane ƙauye da kogi da dutse. Da suka komo gida, masu zane suka duƙufa a kan aiki. Suka ba kowane abu launinsa. Duwatsu kore ne, koguna kuwa shunayya. Ko wanda bai iya karatu ba, da ya duba zai gane.

Waɗannan launuka biyu ba su da wuyar samu. In an gauraya shuɗi da ruwan ɗorawa, sai kore ya fito. In an gauraya shuɗi da ja, sai a sami shunayya.

Daga baya Faransawa suka karɓe ikonsa. A 1931 suka raba shi da Fumban, suka kawo shi Yawunde. A nan ya rasu a 1933.