Eleanor Roosevelt: Marainiyar da Ta Tsaya wa Haƙƙin Ɗan Adam, da Ciwon Ɓargon da Ya Kwantar da Ita

An haifi Eleanor Roosevelt a birnin Niyok na Amurka ran 11 ga Oktoba 1884, a gidan masu hali. Amma dukiya ba ta hana maraici. Uwarta ta rasu a 1892, uban ya bi bayanta a 1894, kakarta ce ta riƙe ta. A 1905 ta auri Franklin Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1933 har rasuwarsa a 1945. Kafin su shiga fada, malama ce a makarantar 'yan mata ta Todhunter.

Da maigidan ya rasu, ba ta naɗe hannu ba. Ita ta jagoranci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya tsara kundin haƙƙin ɗan Adam, wanda aka amince da shi a Paris ran 10 ga Disamba 1948.

A 1960 likitoci suka gano tana da wani irin ƙarancin jini, ba irin wanda muka sani na rashin abinci ko masassarar cizon sauro ba. Wannan daga ɓargo yake. Ɓargo ne ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙar cuta, da masu tsayar da zubar jini. In ya gaza, sai kasala, sai yawan zazzaɓi, sai jini ya ƙi tsayawa. Sau tari garkuwar jikin mutum ce da kanta ke afka wa ɓargon.

Aka yi ta yi mata ƙarin jini. A 1962 aka ɗora ta kan firedinizon, magani mai kwaikwayon wani homon na jiki, mai danne garkuwa. To, ashe ƙwayar tarin fuka na kwance a jikinta. Garkuwa na yin sanyi, tarin ya farka, ya bazu har cikin ɓargo. Ta rasu ran 7 ga Nuwamba 1962, tana da shekara 78.

Yau an ci gaba. Ana danne garkuwar da siklosforin da wani magani da ake samu daga jinin doki ko zomo, wani lokaci a haɗa da homon irin na maza, kamar danazol, don zaburar da ɓargo. Yaro ko matashin da ke da ɗan'uwa mai ɓargo irin nasa, akan yi masa dashe.

Jama'ar Zango, mu lura. Ƙwayoyin dekzametazon da ake saye a tebur don ƙiba dangin firedinizon ne, su ma suna danne garkuwa, ga tarin fuka bai bar ƙasashenmu ba. Wannan baiwar Allah a hannun manyan likitoci take, duk da haka abin ya zo mata a haka, balle mai sha da ka. Kasala ko zubar jini in ya daɗe, a tafi asibiti a auna jini. Allah ya ƙara mana lafiya.