Harry Gordon Selfridge, Attajirin Birnin Landan

An haifi Selfridge a Amurka cikin 1858. Ya yi shekara 25 yana aiki a kantin Marshall Field na birnin Cikago kafin ya ƙaura zuwa Ingila, inda ya buɗe ƙasaitaccen kantinsa a Titin Oxford cikin 1909. Dabararsa ita ce a baje kaya a fili, kowa ya shiga ya duba, ya taɓa, ko da ba shi da niyyar sayen ko allura. A shekarar nan ce ya ajiye wa 'yan kallo jirgin saman da Blériot ya ƙetaro teku da shi daga Faransa, jama'a suka yi ta tururuwa.

Amma tun da matarsa ta rasu a 1918 sai ya saki hannu. Caca da hidimar mata 'yan rawa, musamman wasu tagwaye da ake kira Dolly, suka lashe dukiyar. Ya ci bashin kamfanin da shi ya kafa, ga kuma kuɗin haraji ya taru a kansa. A 1939 daraktoci suka karɓe ragama, aka bar shi da muƙami na suna kawai.

Ya rasu cikin 1947 a wani ɗan gida a unguwar Putney, ba shi da abin kirki.