Tarihin Bosco, Gwanin Wasan Kofuna Da Ƙwallaye

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar nan, ko na birni ko na karkara irin na wajen Gaya da Ajingi, ya san yadda jama'a kan yi wa ɗan dabo zobe, suna kallon abu ya ɓace a hannunsa ya ɓullo a wani wuri. Turawa ma suna da nasu 'yan dabon, kuma ɗaya daga cikin wasanninsu mafiya daɗewa shi ne na kofuna uku da 'yan ƙananan ƙwallaye. Seneca, masanin nan na Rumawa wanda ya mutu a shekara ta 65 ta Miladiyya, ya ambaci wannan wasa a cikin wata wasiƙarsa. Shekaru aru-aru wasan yana hannun 'yan yawon kasuwa, har wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Hieronymus Bosch, ya zana mai kofuna yana ɗauke hankalin wani mutum, ɓarawo kuwa yana zare masa jakar kuɗi ta baya. Cikin waɗanda suka fid da wasan daga wannan zargi, suka kai shi gaban sarakuna, babu wanda sunansa ya kai na Bartolomeo Bosco.

An haifi Bosco a birnin Turin na ƙasar Italiya cikin watan Janairu na 1793. Yana yaro Faransa ta haɗiye wannan yanki, saboda haka da ya tasa sai ya sami kansa cikin rundunar da Napoleon ya ja zuwa Rasha a 1812, yana da shekara 19 a duniya. An yi masa rauni a gumurzun Borodino ran 7 ga Satumba na wannan shekara. Labarin da 'yan dabo suka fi son bayarwa game da shi a nan ya faru. An ce yana kwance cikin gawawwaki sai wani mai kwasar ganima ya zo yana lalube masa aljihu, shi kuwa ya yi lamo kamar matacce, ya bari har mutumin ya gama, alhali a lokacin nan nasa hannun yana cikin aljihun mai lalubensa. Da ɓarawon ya tafi, Bosco ya fi shi riba.

Rashawa suka kama shi, suka kai shi Saiberiya tare da sauran fursunonin yaƙi. A can, cikin tsananin sanyi da zaman banza, ya riƙa yi wa fursunoni da masu gadinsu wasan rufa-ido, har hannunsa ya faɗa sosai. Aka sake shi a 1814, ya koma gida, daga nan kuma ya ɗauki dabo ya zama sana'arsa. Ya yi kusan shekara hamsin yana zagaya biranen Turai, daga Italiya zuwa Jamus da Faransa da Rasha, yana wasa a manyan zauruka da fadojin sarakuna.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wasan kansa yake, don a nan ne gwanintar Bosco take. Ana jera kofuna uku na ƙarfe a kife bisa tebur, a ajiye ƙwallaye uku waɗanda ba su wuce girman goro ba, na itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi. Mai wasa zai sa ƙwallo a ƙarƙashin wannan kofi, a same shi a ƙarƙashin wancan, ko ya ɗora shi a kan kofi ya kife wani a bisa, a ga kamar ya huda ƙarfe ya faɗa ƙasa. Asirin abin kuwa ƙwallo na huɗu ne wanda 'yan kallo ba su san da shi ba. Yana maƙale a gindin yatsun mai wasa, sai ya zura shi ƙarƙashin kofi a daidai lokacin da yake nuna wa jama'a cewa kofin babu kome. 'Yar sandar da yake riƙe da ita ma aiki take yi, watau tana ba hannun da ke ɓoye da ƙwallo dalilin zama a dunƙule. A ƙarshe, sa'ad da idon kowa ke kan wani kofi, sai ya ciro manyan ƙwallaye ko lemo daga jakar da ke ɗaure a gindinsa ya cusa a sauran. Ba aljani ba ne, ba kuwa tsafi ba, horon yatsu ne da sanin inda idon ɗan Adam yake zuwa. Har yau 'yan dabo suna auna juna da wannan wasa, kuma da shi ne Sarkin Ingila Charles na Uku ya shiga ƙungiyar 'yan dabo ta London a 1975, tun yana yarima.

'Yan kallon zamanin Bosco sun ɗauka duk abin da ya ɓace cikin hannun riga yake shiga. Sai shi ya toshe wannan zato, ya riƙa fitowa da 'yar gajeriyar riga baƙa ta karan-miski mai gajeren hannu, damatsansa a waje, ya yi wasan a haka. Wannan ne ya ɗaga shi bisa tsararrakinsa, gama mutum yana kallon fatar hannunsa ƙiri-ƙiri amma ba ya iya cewa ga lokacin da ƙwallo ya bar wurin.

Mafi yawan abin da aka sani game da kamannin wasansa ya fito ne daga Jean-Eugène Robert-Houdin, shahararren ɗan dabon Faransa, wanda ya kalle shi a Paris a farkon shekarun 1830, ya kuma ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 1858. Ya bayyana dandali lulluɓe da baƙin ƙyalle, da kyandirori birjik, da Bosco yana bugun wata dunƙulalliyar tagulla da sanda kamar mai kiran aljanu kafin ya fara. Ya yaba wa saurin hannunsa a kan kofuna ƙwarai. Amma ya soki wani ɓangare na wasan, inda Bosco yake yanke kan farar tattabara da na baƙa don ya nuna wai ya musanya su, da inda yake tsire ɗan kanari a bakin takobi. Tsuntsayen mutuwa suke yi da gaske, waɗansu ake fitowa da su a madadinsu. Lalle wannan suka tana kan hanya, musamman ga mutumin da ya isa ya riƙe zaure cike da jama'a da kofuna uku kawai.

Shahara ta jawo masa wata wahala. 'Yan dabo da yawa a Turai suka riƙa laƙaba wa kansu sunan Bosco don su sami 'yan kallo, aka kuma buga littattafan koyon dabo da sunansa a bango, har bayan ba ya duniya.

Ya mutu a Dresden ta ƙasar Jamus cikin watan Maris na 1863, yana da shekara 70, aka binne shi a tsohuwar maƙabartar Katolika ta birnin. A 1903 Harry Houdini, gwanin kuɓuta daga sarƙa da mari na Amurka, wanda ya aro sunansa daga na Robert-Houdin, ya je Dresden ya tarar kabarin ya zama yasasshe. Sai ya sayi filin da kuɗinsa, ya damƙa shi a hannun ƙungiyar 'yan dabo ta Amurka, wadda aka kafa a New York a 1902.