Thomas Davenport: Maƙerin da ya riga zamaninsa

Duk wanda ya ga ƙananan motocin batir da ke ɗaukar tsofaffi a harabar Masallacin Annabi (SAW) a Madina, ya ga jikokin aikin wani maƙeri da ya mutu cikin talauci. Shi za mu waiwaya a wannan makon.

An haifi Thomas Davenport ranar 9 ga Yuli, 1802 a jihar Vermont ta Amurka. Bai yi zurfi a karatu ba, domin yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ƙira, daga baya ya buɗe maƙerarsa a garin Brandon.

A 1833 ya ziyarci wata ma'aikatar ƙarfe a Crown Point, inda ya ga maganaɗisun da lantarki ke ba ƙarfi. Sai da aka rabu da dokin ɗan'uwansa kafin kuɗin sayensa, dala 75, su cika. Da ya koma gida ya warware shi don ya gano sirrinsa, matarsa Emily kuwa ta yayyanka rigar amarcinta ta siliki aka naɗe wayoyi da ita.

A 1834 suka haɗa injin da ke juyawa da wutar batir, wadda ke bin hanya ɗaya. Dabarar ita ce wata 'yar na'ura da ke sauya alƙiblar wutar a cikin naɗin waya, sai maganaɗisu ya riƙa ja yana turawa, ƙafar ta yi ta juyawa. Ya ɗora injin a kan ɗan ƙaramin keken dogo, kuma ranar 25 ga Fabrairu, 1837 gwamnati ta ba shi takardar mallakar fasaha mai lamba 132.

Amma kasuwa ta ƙi. Batir na lokacin yana da tsada, gawayi kuwa araha, don haka injin tururi ya ci gaba da cin karensa babu babbaka. Davenport ya karye, ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1851.

Ko jirgin Hijaz da ya iso tashar Anbariyya ta Madina a 1908, tururi ne ya jawo shi. An daɗe da rufe wannan layi, kuma tun 2018 jirgin lantarki ke haɗa Madina da Makka. Saboda haka idan muka ga yaranmu suna kwance rediyo ko janareto don su ga cikinsa, kada mu yi saurin tsawatar musu.