Maryam Babangida: Uwar da ta kai kukan matan karkara fadar mulki

Ma'aikacin da ya saba zirga-zirga a tsakiyar Abuja ya san Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa, inda ake yawan taruka da bita, a kan titin da ake kira Better Life. Da yawa daga cikin matasan da ke shiga zaurenta da fayil a hannu ba a haife su ba lokacin da aka buɗe ta a 1992, kuma sunan titin ba ya tuna musu da komai. A 2023 aka sanya wa cibiyar sunan matar da ta assasa ta, Maryam Babangida, wadda ke kwance a Minna tun ƙarshen 2009.

An haife ta ranar 1 ga Nuwamba, 1948 a Asaba. Mahaifinta, Leonard Okogwu, ɗan Asaba ne. Mahaifiyarta, Hajiya Asabe Halima Mohammed, 'yar yankin da ya zama Jihar Neja ce. A Kaduna ta yi girma, ta yi makarantar Sarauniya Amina, sannan ta koyi aikin sakatariya a Cibiyar Horas da Ma'aikata ta Tarayya da ke garin. Ke nan kafin ta san fada ta san tafireta da rajistar wasiƙu, ta kuma san yadda takarda ke kwana a kan tebur idan ba mai bin sawunta.

Ranar 6 ga Satumba, 1969 aka ɗaura mata aure da Manjo Ibrahim Badamasi Babangida, ɗan Minna, wanda bai jima da jin rauni a fagen yaƙin basasa ba. Yaƙin bai ƙare ba tukuna. 'Yar Asaba ta auri hafsan sojan tarayya a irin wannan lokaci, abu ne da ke buƙatar ƙarfin hali daga ɓangarorin biyu. Allah Ya ba su 'ya'ya huɗu: Mohammed, Aminu, Aisha da Halima. Shekaru goma sha huɗu na farkon auren rayuwar bariki ce, ta sauyin wurin aiki da tafiye-tafiyen kwas da zaman jiran maigida, irin wadda ta rubuta littafi a kanta a 1988.

Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 mijinta ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa, ita kuma ta karɓi shugabancin ƙungiyar matan hafsoshin soja, NAOWA. A nan aka fara ganin halinta. Ƙungiyar da aka fi sani da liyafa da ziyarar asibiti ta koma gina makarantu da ɗakunan shan magani da wuraren koyon sana'a a barikoki, domin matan ƙananan sojoji su sami abin yi da hannunsu.

Da Babangida ya hau mulki ranar 27 ga Agusta, 1985, babu wani ofishi da tsarin mulki ya tanadar wa matar shugaban ƙasa, kuma matan da suka gabace ta ba su cika fitowa ba sai a bukukuwa. Ita ta mayar da matsayin wurin aiki. Lokacin ma ba na daɗi ba ne: a 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan masarufi suka yi tsada, gwamnati kuma tana ta kiran a koma gona.

Amma wa ke gonar? Duk wanda ya bi hanyar Suleja zuwa Minna da sassafe ya ga amsar. Matan Gwari ne ke tafe a gefen titi, kaya a kafaɗa kamar yadda al'adarsu ta tanada, doya ko itace ko ƙwarya cike da hatsi, wasu da goyo a baya, sun nufi kasuwar Paiko. A ƙasar Nufe mata ne ke turara shinkafa su shanya su sussuke. Su ne ke tsintar kaɗanya da damina, su dafa, su daka, su tuƙa har man kaɗe ya fito, aikin kwanaki da ɗan kasuwa zai saye da arha. Macen nan ba ta da takardar gona, banki bai san ta ba, malamin gona kuma da mijinta yake magana. Idan aka raba taki, a hannun maza yake tsayawa.

Wannan giɓi shirin Better Life ya nufa, wato kyautata rayuwar matan karkara, wanda ta ƙaddamar a Abuja cikin Satumba 1987. Dabararsa mai sauƙi ce. Mata su haɗu su kafa ƙungiyar gama kai, domin abin da mace ɗaya ba za ta samu ba, na rance ko iri ko taki, ƙungiya mai rajista tana iya samu. Aka kai injinan niƙa da na gurzar rogo da na matsar mai ƙauyuka, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, aka shiga gangamin rigakafin yara, aka kafa shaguna da bajekoli inda kayan ƙauye ke haɗuwa da mai saye na birni ba tare da dillali ba. Injin niƙa ɗaya a ƙauye ba abin rainawa ba ne ga wanda ya san awowin da turmi ke cinye wa mace kowace rana. A 1991 wata ƙungiyar yaƙi da yunwa ta duniya ta ba ta lambar yabon jagoranci ta Afirka, tare da Wangari Maathai ta Kenya.

Sai dai tsarin shirin yana ɗauke da cutarsa. Matar shugaban ƙasa ce a sama, matan gwamnoni a jihohi, matan shugabannin ƙananan hukumomi a ƙasa. Duk wadda ke riƙe da muƙami ta same shi ne ta hanyar aure, kuma ranar da aka sauya mijinta, aikin ya tsaya. An yi ta tambayar inda kuɗin ke fitowa da wanda ke bin diddiginsa, tunda ofishin ba ya cikin doka. Masu suka sun yi ta zolayar cewa matan manya ne suka fi ganin kyautatuwar rayuwar, musamman idan aka dubi leshi da gwala-gwalan da ake sha a tarukan da aka shirya da sunan matar da ba ta da takalmi. Sukar tana da tushe. Akwai injinan da aka ƙaddamar da kiɗa, suka lalace, ba a sami mai gyara ba. Haka kuma da aka ƙirƙiro Jihar Delta a 1991 aka sanya hedikwatarta a Asaba, mutane da dama sun ɗora abin a kanta.

Abin da ya tsira shi ne wanda aka rubuta a doka. A 1989 aka kafa Hukumar Mata ta Ƙasa, kuma daga gare ta Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya ta fito a 1995. Shi kuwa Better Life, da suka bar mulki ranar 26 ga Agusta, 1993, cikin rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, bai daɗe ba aka maye gurbinsa da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha. Tun daga nan kusan kowace matar shugaba sai ta zo da nata sunan, ta bar na wadda ta gada ya bushe.

A Minna ta yi sauran shekarunta goma sha shida, a gidansu na kan tudu, wanda ba ya rabuwa da baƙi da masu neman taimako. Ta ba makarantar El-Amin da ta kafa a garin lokacinta, ta riƙe jikoki, ta kuma sake farfaɗo da Better Life a matsayin ƙungiya mai zaman kanta da ke duban matan karkarar Afirka. Wannan karon ba gwamna ba kwamishina, sai abin da ita da masu taimaka mata suka iya tarawa.

Cutar sankara ce ta kwantar da ita. Ta rasu ranar 27 ga Disamba, 2009 a wani asibiti a Los Angeles ta Amurka, mijinta na gefenta, tana da shekara 61. Aka kawo gawarta Minna, aka yi mata sutura a harabar gidan. Janar Babangida bai sake aure ba, 'yarta Aisha kuma ita ta karɓi jagorancin ƙungiyar.